Kafin ka kai wa liman tambayar dutse

Shekaranjiya bayan la'asar ina zaune a bakin masallacin garinmu, nan ƙasar Ringim, sai ga ɗan yayana da ya dawo hutun samistarsa ta farko a jami'a ya tara samari a gindin darbejiya yana musu karatu. Na kasa kunne. Wai shin Allah zai iya halittar dutsen da Shi kansa ba zai iya ɗagawa ba? In kun ce eh, ga abin da ya gagare Shi, in kun ce a'a, nan ma ga abin da ya gagare Shi. Yara suka yi tsuru tsuru, shi kuwa sai murmushi yake, yana cewa bari liman ya fito magariba mu ji me zai ce. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na kira shi gefe, ya ce Baffa ai tambaya ce kawai. Nima haka na ce a lokacina, don wannan tambayar da bakina na taɓa yin ta, kuma liman na kai wa, mahaifin wannan limamin na yanzu, Allah Ya jiƙansa.

Abin ya samo asali ne daga kwas ɗin GST ɗin nan na falsafa da lojik da ake ɗora wa kowa a jami'a, ko kai ɗan kimiyya ne ko ɗan lissafi. Ni yaron ƙauye ne, allo na yi, na yi Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, kuma duk tsawon karatun nan ba wanda ya taɓa ce min me ya sa ka yarda da kaza, sai dai a biya maka ka haddace, in ka karkace bulala ta miƙar da kai. Kwatsam sai ga lakcara yana ba mu labarin Sokratis na birnin Atens da yake tare manyan gari da tambaya har sai sun gane ba su san abin da suke cewa sun sani ba, har aka yanke masa hukuncin shan guba a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) bisa zargin lalata tarbiyyar matasa. Ga kuma Dekart Bafaranshe da ya ce zai yi shakkar komai da komai har ya samu abin da ba ya shakkuwa. Gaskiya abin ya min daɗi, kuma har yau ba zan ce jin daɗin nan laifi ba ne, karo na farko kenan da na ji ana girmama tambaya.

Inda na ɓata shi ne da na dawo gida. Na ɗauka ni ne Sokratis, mutanen garinmu kuma su ne jahilan da zan farkar. Bayan sallar isha'i, a gaban dattawa, a gaban mahaifina, na jefa wa liman maganar dutsen nan. Tsohon ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce Allah Ya shirye ka ɗana, ya ɗau buzunsa ya shige gida. Na ɗauka na ci nasara. Mahaifina ranar ko tuwo bai ci ba, kuma ya yi kwanaki ba ya zama a dandali saboda kunya, ana cewa ɗan wane boko ya cinye shi.

Amma fa in za a yi adalci ba duka iskanci ba ne. A shekarar ne sanƙarau ya ɗauke ƙanwata da bazara, yarinya ƙarama da ba ta san komai ba, na ga irin wuyar da ta sha kafin rai ya yi halinsa, kuma da na samu a handawut, takardun darasin da lakcara ke bayarwa, cewa akwai tsohuwar tambaya ta me ya sa Mai rahama Mai iko zai bar irin wannan, sai na ji kamar da ni ake. Wannan tambayar daga zuciyata ta fito. Duk wanda na tunkara sai ya ce kai rufe mana baki kar ka kafirta. To wa zan tambaya? Da an samu mutum ɗaya ya zaunar da ni da watakila ban yi nisa ba. Sai dai kuma in na ce haka kamar ina neman wanda zan ɗora wa laifi ne, don ba wanda ya hana ni tashi asuba, ni na fara barin ta, daga baya la'asar ta bi, kuma in na faɗi tsakanina da Allah barcin ne ya riga hujjar zuwa. Shakkar ta zo ta tarar da kasala a zaune sai ta ba ta riga ta saka. Na yi shekaru a haka, in ina gida in bi jam'i don idon mutane, in na koma makaranta shiru.

Wani tsohon malami a cikin birnin Kano ne sanadin dawowata, wani abokina ya ja ni zaurensa, ana karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, ɗan littafin tauhidin nan da bai fi 'yan shafuka ba. Tun farkon littafin aka raba hukuncin hankali gida uku, wajibi (abin da dole ya kasance) da mustahili (abin da ba zai taɓa yiwuwa ba) da ja'izi (abin da zai yiwu), kuma malam ya yi bayani cewa ƙudurar Allah tana rataya ne da abin da zai yiwu, shi mustahili ba abu ba ne balle a ce an iya ko an kasa, dutsen da ya gagari Wanda babu abin da ke gagarar Sa magana ce mai karya kanta tun kafin a gama faɗin ta. Jikina ya yi sanyi, don na san wannan littafin yana cikin gafakar limaminmu, na sha ganin sa. Ko ya ga ba don in sani nake tambaya ba shi ya sa ya ƙyale ni, ko kuwa kunyar mahaifina ya ji, Allah ne masani. Liman ya rasu ban je na ba shi haƙuri ba, kullum ina cewa sai na samu lokacin da ya dace.

Abin da ya ƙara min takaici, shi kansa Dekart ɗin ashe bai tsaya a shakka ba, a littafinsa na 1641 ya ci gaba ya kafa hujjar samuwar Allah, handawut ɗinmu ne ya tsaya a rabi ni kuma ban nemi sauran ba. Imamu Gazali yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, shakka ta taɓa kama shi, a 1095 ya bar kujerar ya fita, kuma sai da ya ƙware a falsafa tukuna ya yi mata raddi. Ibnu Rushdi da ya mayar masa da martani alƙalin Malikiyya ne a Ƙurɗuba. Kai, mai Ahalarin nan da muka haddace muna yara shi ne ya rubuta Sullamu a ilimin manɗiƙi, lojik ɗin nan dai, a ciki ya kawo cewa Ibnu Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce a koya, shi kuma ya zaɓi halascinsa ga mai cikakken hankali wanda ya saba da Alƙur'ani da Sunna. Shehu Magili da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har musayar baitoci ya yi da Suyuɗi yana kare manɗiƙi. Duk wannan yana gidanmu, ni ina yawo da takarda 'yar shafi kaɗan ina ganin na zo da sabon abu.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma da na zauna sai na ga ba su da yawa. Kar ka kai tambayar da ba amsarta kake nema ba gaban dattijo a cikin mutane. In da gaske kake, bi shi zaure kai kaɗai ka durƙusa ka ce Allah gafarta malam ga abin da ya shige min duhu. Kuma komai ruɗewar kanka kar ka saki sallah, ka yi ta ko zuciyarka na gardama. Sahabbai ma sun kai wa Manzon Allah (SAW) kukan suna jin abin da ba za su iya furtawa ba a zukatansu, ya ce wannan tsantsar imani ne, hadisin yana cikin Muslim.

Sai batun karatun kansa. Ni da zan iya da na ce kar yaro ya taɓa falsafa sai ya zauna gaban malamin tauhidi tukuna. Amma kuma ai kwas ne na dole, kuma wanda aka hana tambaya shi ne ya fi saurin faɗuwa ranar da ya ji ta a waje, ni shaida ne. To ku karanta, amma ku karanta har ƙarshe. Matsalar ku yaran yanzu ko handawut ɗin ma ba kwa karantawa, mu aƙalla mun sha wuyar laburare, ku bidiyon minti ɗaya a TikTok wani ƙato a Amurka ya yi surutu shikenan kun zama masana, a kawo littafi kuma ku ce ya yi tsawo, ana muku magana ido na kan waya. Wani lokaci har nakan ji ba na son ɓata bakina. In babu mai karantar da Ummul Barahina a garinku ka tambayi liman wa ya sani, in ta kama ka hau mota ka shiga Kano ko Haɗeja, kuɗin da kake ƙonawa a data ya isa ya kai ka ya dawo da kai.