Yadda mai saye ke gano shagonka a Google: abin da aiki ya koya mini a Katsina

Tambayar da 'yan kasuwa suka fi yi mini bayan an gama gina musu shafin intanet ita ce: "Malam, na duba Google ban ga kaina ba, mi ya faru?" Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Mutum ya fitar da kuɗinsa, an nuna masa shafi mai kyau da sunan shagonsa a sama, dole ya sa ran washegari waya za ta fara ƙara. Aikin da ake yi don shafi ya fito a sahun gaba idan mutane suka yi bincike shi ne ake kira SEO, kuma shekarun da na yi ina yi wa masu shaguna, makarantun kuɗi da masu masauki a Katsina wannan aiki sun tabbatar mini da abu guda: mafi yawansa ba a gaban kwamfuta ake fara shi ba, a bakin kanta ake farawa, inda mai saye ke tsayawa yana tambaya.

Akwai wani mai sayar da kayan ɗaki a wajen Ƙofar Ƙaura da ya kawo mini shafinsa in duba. Shafin bai da aibu a ido. An rubuta barka da zuwa da Turanci, an ce kayansu sun fi na kowa inganci, an ce gamsuwar mai saye ita ce burinsu. To amma wa ya taɓa ɗaukar waya ya rubuta "gamsuwar mai saye" yana neman gado? Sai na roƙe shi ya bar ni in zauna a shagon in saurara. Na samu benci kusa da inda ake jingine katifu, da littafi a hannu. Wata uwar amarya ta shigo da ƙanwarta, tambayarta ta farko ita ce nawa ne saitin gado da madubi da durowa. Ta biyu, ko ana biya kaɗan-kaɗan kafin biki. Wani ya kira ta waya yana tambaya ko suna kai kaya Daura, kuma kuɗin mota a kan wa yake. Wani kuma so yake ya san ko katakon zai jure damina ba ya kumbura.

Waɗannan tambayoyi su ne shafin. Kowace ɗaya ta zama kan magana da amsarta a ƙasa, cikin kalmomin da masu tambayar suka yi amfani da su. Kayan ɗakin amarya ya samu shafinsa shi kaɗai, kujerun falo nasu daban, kai kaya zuwa Daura, Mashi, Dutsin-Ma da Funtua nasa daban. Dalili shi ne Google ba ya jera kamfani gaba ɗaya, shafi-shafi yake jerawa, kuma shafin da ya tsaya kan abu ɗaya ya yi bayaninsa sosai ya fi wanda ya cusa komai wuri guda. Taken kowane shafi, wato layin nan da ke fitowa da manyan haruffa a sakamakon bincike, na kan sa abin da ake sayarwa da sunan gari a farkonsa, sunan shago a ƙarshe, in kuma taƙaita shi wajen haruffa 60 don kada a datse shi.

Bayan shafi ya ɗan kwana biyu, akwai kayan aiki na kyauta mai suna Google Search Console da ke nuna ainihin abin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana musu. Duk wanda ke wannan sana'a bai buɗe shi ba, da ka yake aiki. A nan na ga yadda mutanenmu ke bincike: rabi Hausa rabi Turanci a layi ɗaya, kuma kusan babu mai sa ƙugiya a haruffa, domin madannin waya bai sauƙaƙa hakan ba. Saboda haka ina rubuta bayanin shafi da daidaitacciyar Hausa, amma adireshin shafin da haruffa marasa ƙugiya, sannan in gwada binciken ta fuska biyu in ga abin da ke fitowa. Kuma ina ƙarfafa wa kowa gwiwa ya rubuta da Hausa tare da Turanci, kowane harshe a shafinsa. A Turanci kana gogayya da manyan kamfanonin Legas da Abuja. A Hausa filin a buɗe yake, masu bayanin kaya da kyau ba su da yawa. Sai dai mutum ne zai rubuta. Google Translate ya samu Hausa tun 2013, amma mai saye yana gane rubutun da aka zuba wa na'ura aka kwaso tun daga layin farko, kuma yana rage masa yarda da shagon.

Ga mai shago a cikin gari, abin da ya fi shafin kansa saurin kawo ciniki shi ne rajista a taswira, wato Google Business Profile, wanda kafin ƙarshen 2021 ake kira Google My Business. Kyauta ne. Shi ne ke sa idan baƙo ya sauka Katsina ya nemi masauki ko wurin cin abinci ko mai gyaran waya kusa da shi, a nuna masa suna, lambar waya da hanya. Google ya bayyana cewa abubuwa 3 yake dubawa a nan: dacewar kasuwancin da abin da aka nema, nisansa daga mai nema, da kuma shahararsa. Nisa ba ka da iko a kai. Sauran biyun kuwa aikinka ne.

A nan ne adireshin garinmu ke ba da wahala. Mu da kwatance muka saba: bayan masallaci, daura da gidan mai, layi na biyu in ka wuce Ƙofar Soro. Na'ura ba ta san wannan ba. Don haka ba na sa alamar shago a taswira daga ofis. Sai na je na tsaya a ƙofar shagon da wayata, na tabbatar alamar ta sauka daidai inda nake tsaye, sannan in rubuta kwatancen a cikin bayani don ɗan acaɓa ko mai a-daidaita-sahu ya gane. Na ga shagon da alamarsa ke unguwa guda, shi yana wata, masu saye suna zagaye har su gaji su shiga na maƙwabci. Lokutan buɗewa ma a rubuta gaskiya: ranar Juma'a ana rufewa don masallaci, da azumi lokaci yana sauyawa, ranar hawan Sallah hanyar gidan Sarki ba ta biyuwa da mota. Wanda ya taso daga Batagarawa saboda waya ta ce a buɗe kake, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, da wuya ya sake dawowa. Sunan shago, lambar waya da adireshi su zama iri ɗaya a shafi, a taswira, a Facebook da kan allon ƙofa. Kada kuma a cusa jerin kaya cikin sunan shago don a yaudari bincike, dokar Google ta hana, kuma suna iya dakatar da rajistar.

Sharhin masu saye da taurarin da suke bayarwa na cikin abin da ke gina shahara. Hanyarsa mai sauƙi ce: wanda ya saya ya ji daɗi, a tura masa mahaɗin rajistar shagon, wato link ɗin da ake latsawa ya kai mutum can, ta WhatsApp a roƙe shi ya rubuta abin da ya gani. Idan wani ya yi ƙorafi, a amsa masa da ladabi a bainar jama'a, domin masu karantawa sun fi lura da amsar fiye da ƙorafin. Tara 'yan uwa da yaran shago su rubuta yabon ƙarya kuwa, ban da kasancewarsa saɓa doka, ha'inci ne a ciniki, kuma ba na yi wa kowa shi.

Sai batun waya. Tun 2018 Google ya fara auna shafuka da yadda suke buɗewa a waya maimakon kwamfuta, kuma a 2023 ya sanar da kammala wannan sauyi. Ma'aunin da ya bayar shi ne babban abin da ke kan shafi ya bayyana cikin sakan 2.5. Abin da ke kashe shafukanmu kusan kullum hotuna ne. Mai shago zai ɗauki hoton shadda da wayarsa, kowane ɗaya megabait 4 ko 5, a ɗora ashirin a shafi guda. A ofis mai intanet mai ƙarfi ba za a lura ba. Amma mai saye yana Jibiya ko Mai'adua da ƙaramar waya, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, datarsa ta kwana ɗaya ce. Ba zai jira ba. Ina rage kowane hoto ya koma ƙasa da kilobait 200, ba tare da zaren yadin ya daina fitowa ba, in auna da PageSpeed Insights, kayan aikin Google na auna saurin shafi, sannan in gwada da tsohuwar waya mai arha da na ajiye musamman don wannan. Haka kuma bayanin kaya a rubuta shi a matsayin rubutu, kada a bar shi cikin hoton talla kawai, kuma kowane hoto a ba shi ɗan bayanin abin da ke cikinsa. Shafi ya kasance mai makullin tsaro na HTTPS, domin tun 2018 Chrome ke yi wa marasa shi tambarin rashin tsaro, kuma babu mai tura kuɗi inda ya ga wannan gargaɗi.

Inda muka fi ja-in-ja da 'yan kasuwa shi ne farashi. Wata dattijuwa mai turaren wuta da humra ta ce mini: "Ɗana, in na sa kuɗi a fili ai maƙwabta za su karya mani kasuwa, kuma kaya kullum tashi suke." Na ce mata: "Hajiya, gaskiyarki. Amma maƙwabtan nan sun riga sun san kuɗinki, wadda ba ta sani ba ita ce amaryar da ke Kaduna tana nema da dare." Na fahimci tsoronta, al'adarmu ta ciniki ce, a taya a yi albarka. Duk da haka, "nawa ne" na cikin abin da aka fi rubutawa a bincike, kuma shafin da ya ƙi amsawa ya bar wa wani cinikin. Muka daidaita a kan ta rubuta daga kaza zuwa kaza gwargwadon girman kwalba, da watan da aka sabunta farashin, da maɓallin WhatsApp a ƙasa ga mai son ragi. Abin da ta fara lura da shi shi ne masu kiran da ke tambaya su ɓace sun ragu, waɗanda ke kira yanzu sun zo da shirin saye.

Akwai masu yawo suna cewa za su kai ka lamba ɗaya a Google cikin mako guda, ko su sayar maka da mahaɗai dubu daga wasu shafuka. Abin yana ɓata mini rai, domin kuɗin gumin mutane ne ake kwashewa. Asalin maganar mahaɗai gaskiya ce. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabarar da ta bambanta shi ita ce ɗaukar mahaɗi daga wani shafi zuwa naka a matsayin shaida, kamar baƙo ne ya shiga babbar kasuwa yana tambayar inda ake samun zuma mai kyau, mutum uku da aka sani da gaskiya suka nuna masa rumfa ɗaya. Da mutane suka fara sayen shaidar, sai Google ya fito da sauyin Panda a 2011 don shafuka marasa ƙunshiya, da Penguin a 2012 don mahaɗan bogi, shafuka da yawa suka faɗi warwas. Ɓoyayyen gurbin nan na cikin shafi da ake jera kalmomin bincike a cikinsa ma, wanda ake kira meta keywords, tun 2009 Google ya ce ba ya la'akari da shi. Kamfanin da kansa ya rubuta cewa babu wanda zai iya ba ka tabbacin lamba ɗaya. Mahaɗi mai amfani shi ne wanda ya fito daga ƙungiyar sana'arku, ko kamfanin da kake wa dillanci, ko jaridar da ta yi labarin aikinka. Guda biyar irin waɗannan sun fi dubun da aka saya. Wanda kuma yake son fitowa a sama yau-yau, talla zai biya, ita ma halal ce, sai dai ranar da kuɗin ya ƙare ranar take sauka.

Aikin yana son haƙuri. Google ya sha faɗa cewa a ba shi wata 4 zuwa shekara kafin a ga amfaninsa sosai. Shi ya sa nake gaya wa teloli da masu yadi cewa shafin kayan Sallah tun kafin Rajab ake gyara shi, ba a goman ƙarshe na azumi ba, kuma adireshi ɗaya ake riƙewa kowace shekara ana sabunta abin da ke ciki. A ƙarshen wata kuma ba matsayi a jeri nake fara tambaya ba. Ina tambayar kira nawa aka samu, mutum nawa suka nemi hanya a taswira, nawa suka ce a intanet suka gan ku.

Wani abu kuma da ba a cika sa shi cikin wannan magana ba, alhali yana iya rushe komai, shi ne mallakar sunan shafi. Wata makaranta ta kira ni shafinta ya ɓace ana tsakiyar ɗaukar ɗalibai. Ashe matashin da ya gina musu shi ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa, ya gama hidimar ƙasa ya koma garinsu, saƙon sabuntawa yana zuwa inda babu mai karantawa. Duk matsayin da suka tara a bincike ya tafi tare da sunan, sai da aka faro daga tushe. Sunan shafi haya ce ta shekara-shekara, ko mai ƙarewa da .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da rajistar sunayen shafuka masu ƙarewa da .ng. Yanzu kafin in taɓa komai, sai mun buɗe imel da sunan kasuwancin, a kan lambar wayar mai shi, da shi za a yi rajistar suna, taswira da Search Console, ni kuma a ƙara ni a matsayin mai taimakawa wanda za a iya cirewa kowane lokaci. Ranar sabuntawa kuma ina sa a rubuta ta a littafin shago, a shafin da ake rubuta kuɗin haya da na wuta.