Baƙin da ba su taɓa zuwa ba

Lokacin da aka damƙa mini kula da sabar wata ƙaramar ma'aikata, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinta na intanet da imel ɗinta, aikina na farko kowace safiya shi ne duba kundin ziyara, wato fayil ɗin da sabar ke ƙara layi guda a cikinsa duk sa'ar da aka nemi wani shafi. Layin yana ɗauke da adireshin IP na mai nema, wato lambar da ake gane na'urarsa da ita a intanet, da lokaci, da shafin da ya buƙata, da kuma shafin da ya ce daga can ya biyo. Wata rana na tarar da ɗaruruwan layuka suna nuna cewa wani shafin caca ne ke turo mana maziyarta. Na buɗe shi ina neman inda ya ambace mu, ban ga ko alamar sunanmu ba, ashe buɗewar da na yi ma tana cikin abin da masu shi suke so.

A nan na fahimci cewa bayanin inda mai ziyara ya fito, shi da kansa yake rubuta shi, sabar kuwa ba ta da hanyar tantancewa, saboda haka kowace manhaja mai aiki da kanta tana iya sa sunan da ta ga dama. Ribar masu wannan aiki a fili take: manhajojin ƙididdiga irin su Webalizer da AWStats suna fitar da jerin shafukan da suka fi turo mutane, kuma idan aka bar wannan rahoto a buɗe, injin bincike zai ɗauki kowane suna a matsayin mahaɗi da ke ɗaga darajar shafin. Irin wannan cuta ce ta sa Google ya fito da alamar nofollow a 2005, wadda ke gaya wa injin bincike kada ya ƙirga mahaɗin.

Na yi makonni ina toshe sunayen ɗaya bayan ɗaya a fayil ɗin .htaccess, inda ake rubuta wa sabar dokoki, aikin baban giwa, domin kafin in toshe guda sun yi rajistar wani sabo. Abin da ya fi amfani bai ɗauke ni minti biyar ba: na sa wa shafin rahoton kalmar sirri. Layukan ƙaryar ba su daina zuwa ba, amma sun daina amfanar kowa. Wani nau'in kuma ba ya taɓa sabar sam, yana aika ziyarar bogi kai tsaye ga Google Analytics, manhajar Google mai ƙirga maziyarta, da lambar shafin da ya cinka, don haka maganinsa shi ne a ƙirga ziyarar da ke ɗauke da sunan shafinmu kaɗai.

Lamarin imel ma haka yake, domin layin da ke nuna mai aikawa ba shaida ba ne. SPF yana duba ko an yarje wa sabar da ta aiko saƙon ta yi magana da sunan wannan adireshi, DKIM yana duba sa hannun da aka liƙa wa saƙon, DMARC kuma yana faɗin abin da za a yi idan binciken ya gaza. Sai dai duk wannan yana tabbatar da tushen saƙo ne, ba kyakkyawar niyyar mai shi ba. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ƙin karɓar saƙon baƙo na ɗan lokaci: sabar gaskiya za ta sake gwadawa bayan wasu mintoci, manhajojin da ke watsa saƙonnin shara da yawa kuwa ba sa waiwayowa.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai nawa ne. SpamAssassin, shirin da ke tace mana saƙonnin shara, yana ba kowane saƙo maki gwargwadon alamun zargi, kuma a tsarinsa na asali duk wanda ya kai maki 5 shara ne. Ganin ƙorafi ya yi yawa, na sauko da iyakar zuwa 3, na kuma umurci sabar ta goge duk abin da aka kama. Akwatunan suka yi fes, kowa ya yaba, har ranar da aka gano cewa wata takardar kwangila da aka yi kwanaki ana jira ta bi sharar, babu kuma kwafin da za a dawo da shi. Na mayar da iyakar yadda take, na daina gogewa, kuma yanzu duk saƙon da aka kama yana zama a keɓe wata guda, inda mai akwatin zai iya leƙawa ya ceto nasa.