Dattin wuta da ido ba ya gani

Shagona na aikin wutar lantarki yana Agege, ni da yarana huɗu. Yawancin kiran da ake yi mana yanzu daga masana'antun roba da na ruwan leda ne a Ogba da Ikorodu, kuma kukan ɗaya ne: taransifoma ta ɗau zafi, bireka yana faɗuwa haka kawai, kafasito ya kumbura. Mai wurin zai rantse lodinsa bai kai ƙarfin taransifomar ba, kuma gaskiyarsa.

Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Tsofaffin injuna suna shanta a tsanake. Amma na'urorin rage gudun inji, da UPS mai riƙe wuta idan an ɗauke, da fitilun LED, kurɓarta suke yi guntu-guntu, kuma wannan kurɓar ce ke haifar da dattin wuta da muke kira hamonik, wato ƙarin kaɗawa da ke ninka 50 ɗin nan. A injin fes uku, ninki na 5 da na 7 ne suka fi damunmu, wato kaɗawa sau 250 da 350 a daƙiƙa. Na 3 kuwa, mai 150, taruwa yake yi a wayar nutural har ta yi zafi.

Na'urar tace hamonik ta zamani a gefen layi ake haɗa ta, kusa da babban allon wuta. Muna sa zoben awo a kowane fes. Kwamfutar cikinta ta karanta abin da lodi ke ja, ta ware na 50 gefe, ta auna dattin da ya rage. Nan take sai ta tura wuta daidai girman dattin amma kishiyarsa, su kashe juna. Makunnan lantarki da ake kira IGBT ne ke wannan aiki, suna buɗewa da rufewa sau dubbai a daƙiƙa. Inji ya samu abin da yake so, taransifoma kuma ta huta.

Abin da ya sa na fi son wannan na'ura a Legas shi ne janareta. Tsohuwar na'urar tacewa ta kwayil da kafasito hamonik ɗaya aka saita ta a kai. Da an ɗauke wuta an koma janareta, yanayin layin ya canza, dattin ya fi lanƙwasa wutar, wani lokaci ma tsohuwar ta ƙara rura shi. Sabuwar tana bin lodi yadda ya juya.

Wani dattijo a Ikorodu ya tambaye ni, "Injiniya, kuɗin wuta zai ragu?"

Na ce, "Alhaji, ragin kaɗan ne. Abin da za ka tsira da shi taransifomarka ce da kwanakin da aiki ke tsayawa."

Ban yarda na ba shi farashi ba sai da mitar awo ta yi mako guda a allonsa, a wutar gari da ta janareta. Ranar haɗawa kuma ni da kaina na duba fuskar kowane zobe, domin idan aka juya shi baya, na'urar ƙara dattin take yi maimakon ta share shi.