TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 11: Hutunmu a Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin na tsaya ne a inda Abban Ummi ya shigo da daddare yake ce min an ba shi hutun ƙarshen shekara a wajen aiki, wai ya yanke shawara mu tattara gaba ɗaya har yara mu tafi Jos. To bari na ɗora daga nan.

Ga waɗanda ba su bi labarin tun farko ba, lokacin Disambar 2019 ne, ko shekara ban rufa a gidan ba, kuma yara uku na tarar, Ummi ce babba tana ƙaramar sakandare, sai Baffa, sai Auta da ko firamare bai shiga ba. Mahaifiyarsu Allah ya jiƙanta 'yar Jos ce, tsohuwarta tana nan da ranta a Gangare. Kunga kenan tafiyar nan su yawon buɗe ido ce a wajensu da ganin kaka, ni kuwa kai ni za a yi gaban uwar marigayiya ta ƙare min kallo, wallahi tun daren da ya faɗa cikina yake ƙugi.

Hajiya surukata ita ce ta fara cewa ba ta yarda ba. Tace yanzu kai da hankalinka ba biki ba mutuwa ka kwashi iyali ka tafi kallon duwatsu, kuma ka rasa inda zaka sai Jos? Ita har gobe in an ce Jos rikicin 2001 ne yake faɗo mata da na 2008 da na 2010, kuma ban ga laifinta ba dan akwai 'yan uwansu da abin ya shafa. Da ƙyar ya lallaɓa ta da cewa ai zumunci ne, yaran sun daɗe ba su ga kakarsu ba, sannan tace to Allah ya tsare, amma kar mu kuskura magariba ta same mu a waje.

Muna idar da asuba muka fita daga Kano dan yace baya son ya ratsa dajin Falgore sai rana ta fito sosai motoci na wucewa. Mun bi ta Tudun Wada, muka shiga dajin kowa yayi tsit ana ta addu'a, sai da muka kai Saminaka sannan aka fara hira har muka tsaya sayen ayaba da rake. Daga Jengre zuwa gaba ƙasa ta fara canzawa, mota sai hawa take, ga duwatsu manya manya wani kan wani kace ɗora su aka yi da hannu, ga gidaje an zagaye su da shingen kyarana. Auta ne ya fara cewa Abba a rufe gilas. Garin yana kan tudu ne wajen mita 1,200 sama da teku, shi yasa sanyinsu daban yake, namu na Kano da hantsi ya ɗaga ya sake ka, na Jos kuwa ana rana tsaka kana jin iskar tana ratsa suwaita. Duk wadda zata je da yara a Disamba ko Janairu dan Allah ki ɗebi safa da hular sanyi da basilin babban gwangwani, in ba haka ba leɓe da ƙafa duk sai sun tsage.

Otal ɗin da muka sauka ba sai na kira suna ba, ɗaki tsaf tsaf amma hita ba ta aiki, ruwan famfo kuwa in kika sa hannu sai kin yi salati. Sai roƙo muke a dafa mana a kicin ɗinsu a kawo a bokiti, bokiti ɗaya na tsarga wa yara biyu. Baffa dai cewa yayi shi ya yafe wanka har mu koma gida.

Amma fa safiyar Jos akwai daɗi. Abbansu ya fita ya dawo da masa mai zafi a leda da ƙuli-ƙuli dakakke da yaji, ga shayi mai kauri daga wajen mai shayi a fulas, ga soyayyen dankalin turawa da ƙwai. Dankalin nan ku bar shi kawai. A jihar ake nomansa, wajajen Bokkos da Mangu, bai sha wahalar hanya ba bai kwana a buhu ya yi tsiro ba, in aka soya cikinsa gari gari bayansa ƙarau. Auta da ake fama dashi kan abinci a gida sai gashi yana miƙo faranti a ƙara.

Gidan tarihi muka fara zuwa, yana cikin gari kusa da gidan zu, ƙafa ma zata kai ka daga wannan zuwa wancan. Wani Bature ne Bernard Fagg ya kafa shi a 1952. A ciki akwai kawunan nan na yumɓu na mutanen Nok da muka karanta a makaranta, masu ramin ido da kitso a kai, an ce sun haura shekara 2,000, kuma masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928 a ƙauyen Nok da yake kudancin Kaduna yanzu. Gaskiya ni tukwanen ne suka fi burge ni, sashe guda aka ware musu, tulu da randa da tukunyar girki na ƙabilu kala kala, na tsaya ina ta kallo har sai da aka kira ni. Su maza kuma tsohon kan jirgin ƙasa ne ya ɗauke musu hankali, na ƙaramin layin dogon da yake kwasar kuza daga nan zuwa Zariya kafin a rufe shi a 1957, Baffa ya ɗare yana ta ihu a ɗauke shi hoto.

Inda muka fi daɗewa shi ne filin da aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya na Najeriya, da ƙasa kuma da girmansu. Muna shan kwana Baffa ya daka tsalle yace Abba ai wannan badalarmu ce! Ganuwar Kano ce aka kwaikwaya, ga kuma masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina, da bakan gizon nan nasa a ciki. Abin kunya wai mu 'yan Kano sai a Jos muka tsaya muka kalli ganuwa da kyau, kullum muna wuce ta gaske a adaidaita ko ɗaga kai ba ma yi.

Duk wannan yawon Ummi tana can baya, hannu cikin aljihun suwaita. Tsakanina da ita tun da na zo gidan ina kwana Anti ne, sai sannu da aiki Anti, shikenan. Ba ta taɓa min rashin kunya ba ko sau ɗaya, kuma wallahi da ma rashin kunyar take da ya fi min sauƙi. In na yi girki zata ɗiba kaɗan ta tsakura tace ta ƙoshi, daga baya na ganta da gari da suga a ɗaki.

Mun je babban gandun namun dajin nan da aka buɗe a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk, shi fili ne makeke da bishiyoyi da wajen zama, tafiya ce sosai a ciki dan haka ki sa takalmi mara tsini ki riƙe ruwa da abin taɓawa, mu da dafadukar taliya muka je a kula muka shimfiɗa darduma. Birai ne suka fi ba yaran dariya. Mun leƙa Rayfield bakin ruwa da yamma, ashe tafkin tsohon ramin kuza ne ruwa ya cika shi, ni dai ban bari kowa ya shiga kwale-kwale ba duk da magiyar Baffa. Dutsen Shere daga ƙasa muka gaishe shi, tsayinsa ya haura mita 1,800, wa zai hau da Auta a kafaɗa. Assop kuma da ake ta ba mu labarin ruwan da yake zubowa a hanyar Abuja ba mu samu zuwa ba, mura ta kama Auta.

A Taminus Abbansu ya tsayar da mota yana nuna mana kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002, yace yana saurayi in ya zo Jos nan yake fara sauka, sai ka wuni a ciki ba ka gama zagayawa ba. A bakin titin wajen ne na fara cin sitiroberi a rayuwata, mata ne suke tallansa a 'yan robobi, jajir dashi, daga wajajen Vom ake kawowa kuma lokacin sanyin nan ne kakarsa. Ni na zata zaƙi zai yi zau kamar yadda ake jinsa a askirim, ashe da ɗan tsami tsami, sai da muka yanka a cikin yogot sannan na gane kansa. Akwai kuma atili, baƙi dogo dogo, a ruwan ɗumi ake jiƙa shi yayi laushi a ɗan barbaɗa gishiri, maiƙo gare shi. Yaran suna gani suka rufar masa dan sun saba, ni sai a na uku na fara jin daɗinsa.

To sai ranar zuwa Gangare. Na sa atamfata mai kyau da babban mayafi, na riƙe turmin zani da sabulai da turare da muka taho dasu. Lungu ne mota ba ta shiga, muka taka. Inna tana zaune a tsakar gida kan tabarma an lulluɓe da bargo, tana ganin yaran ta fashe da kuka, ta jawo Ummi ta rungume tana kiran sunan marigayiya. Na durƙusa har ƙasa nace Inna ina wuni, mun same ku lafiya, ya ƙarin haƙuri. Tace lafiya lau 'yar nan, sannunku da hanya. Daga nan ba ta ƙara ce min komai ba sai ta shiga duba yara, ta kama hannun Auta ta juya, ta buɗe kan Ummi ta ga kitso, ta kalli farcen Baffa, ni kuwa ina gefe kaina a ƙasa ina wasa da bakin mayafi ina jin komai a jikina. Can tace Ummi ta rame. Abbansu yayi saurin cewa ai tsayi take Inna. Tace uhm.

Da azahar aka kawo gwaten acca a babbar roba, yana tururi, kore shar da ganye, ƙamshin daddawa ya cika gidan. Ummin da nake fama da ita ta ci cokali biyar, ita ce ta share kwano ta miƙa aka ƙara mata har tana siɗe hannu. Inna ta kalle ta ta kalle ni, tace ke 'yar nan kin iya gwate? Nace Inna na tsakin masara nake yi, acca ban taɓa girkawa ba. Tace to gobe ki zo da wuri ke kaɗai, shi ya kai yara lilo.

Haka aka yi, shi ya wuce dasu wajen wasan yara na Solomon Lar ni kuma ya ajiye ni a bakin lungu. Ashe aikin acca duk a wanki yake. Ƙwayarta ƙanana ce sosai kusan ɗaya da yashin da yake cikinta, Inna ta sa aka kawo ƙwarya biyu da ruwa, ta nuna min yadda ake regewa, ki karkata ƙwaryar kina juya ta a hankali accar tana gangarawa cikin ɗayar yashin yana kwanciya a ƙasa, ki zubar ki sake, ki sake, ruwan kuma sanyi ƙarara har yatsuna suka daina ji. Duk sanda nace Inna ya yi sai ta ɗebi kaɗan ta sa a haƙori ta tauna tace da saura. A tukunya kuma ƙashi ne ya sha wuta da daddawa da albasa da attarugu da tumatir, aka jefa gauta da dakakkiyar gyaɗa, sannan ake zuba accar kaɗan kaɗan ana juyawa dan kar ta yi gudaji, alayyahu da yakuwa su ne ƙarshe, yakuwar ce take ba shi ɗan tsamin nan. Muna aikin tana ba ni labarin 'yarta, wai in ta zo hutu daga Kano ko jaka ba ta ajiyewa sai ta tambayi gwate, kuma da cikin Ummi kusan shi kaɗai take iya ci. Ban san sanda hawaye ya zubo min ba, nace hayaƙi ne.

Da suka dawo Inna ba ta faɗi wanda ya girka ba sai da Ummi ta cinye, sannan tace Antinki ce ta yi. Yarinyar ta ɗago ta kalle ni, kallo na sosai wanda ba ta taɓa min ba, tace Anti in mun koma zaki dinga yi mana? Nace in sha Allah, in dai zaki taya ni rege yashi. Tayi 'yar dariya.

Ana gobe zamu tafi muka shiga kasuwar Farin Gada, nan ne matattarar kayan lambu, kabeji ƙato ƙato da karas da koren wake da koren tattasai da latas da kokwamba, araha kamar me. Na cika but da buhun dankali da na rabon maƙwabta da na Hajiya, na sayi acca mudu mudu da man atili kwalba ɗaya, har Abbansu yana cewa in mota ta zauna a Falgore ni zan tura. Ina ta murna a raina ina cewa tafiya ta yi kyau.

Da daddare muka koma yi wa Inna sallama. Bayan an gama addu'o'i sai tace yara su shiga ɗaki, ta gyara zama ta kalli Abban Ummi tace to Malam, maganar da muka yi da kai a waya tun kafin ku taso, na ga har yanzu ba ka ce komai ba, ni dai ina nan kan bakata, Ummi a nan zaka bar min ita ta ƙarasa makaranta a gabana. Na juya na kalle shi, ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota. Ashe da maganar ya taho tun daga Kano, ashe shi yasa ya ce a sa mata kaya da yawa a jaka, kuma duk kwanakin nan ko da wasa bai faɗa min ba. Labulen ɗakin na gani yana motsi, Ummi tana tsaye a bayansa tana jin komai.

Abin da ya ce wa Inna, da abin da ni na faɗa a gaban su duka wanda har yau Hajiya take min gori a kai, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.