Takardar kamfani ta ce kashi 98, amma ba ta ce komai a kan endotoksin ba

Aikin digirina na uku ya ta'allaƙa ne a kan taimosin alfa 1, ɗan gajeren feftaid, wato ƙaramin furotin, mai amino asid 28 wanda Allan Goldstein da abokan aikinsa suka ware daga taimus ɗin maraƙi a shekarar 1977. Tun da Jacques Miller ya nuna a 1961 cewa ɓerayen da aka cire wa taimus suna jarirai garkuwar jikinsu takan lalace, masu bincike suke neman sinadaran da wannan ƙullin nama na bayan ƙashin ƙirji yake fitarwa, kuma a cikin duk waɗanda aka samo, taimosin alfa 1 ne ya fi nisa, domin har ya zama maganin da ake sayarwa da sunan Zadaxin, ana ba masu ciwon hanta nau'in B a China da wasu ƙasashe. Tambayar da na sa a gaba ita ce ko fararen ƙwayoyin jinin masu ɗauke da wannan ciwo, wanda muke da shi da yawa a Nijeriya, suna amsa feftaid ɗin kamar yadda na masu lafiya suke amsawa idan an raine su a faranti.

Samun izinin kwamitin ɗa'a da ɗibar jini da ware ƙwayoyin da Ficoll, ruwan da ake raba fararen ƙwayoyin jini da sauran jinin da shi, duk sun tafi yadda aka tsara. Feftaid ɗin kuwa oda muka yi daga wani kamfani na ƙasar waje, saboda kuɗin da ke hannunmu ba su kai na maganin asibiti ba. Ya iso a 'yar ƙaramar kwalba, farin gari ne da bai rufe gindinta ba, tare da takarda mai hatimi wadda ta ce an gwada shi da HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin abu, an samu tsarkinsa ya kai kashi 98 cikin 100, nauyinsa kuma ya dace da wanda aka sani, wato kimanin dalton 3108. Wannan takarda ita ce ta ci mini watanni, ta kuma cinye kusan rabin kuɗin da aka ware mini na ELISA, gwajin da ke nuna yawan sinadari ta hanyar launi a ramukan faranti.

Sakamakon farko ya fi ƙarfin abin da na yi tsammani. Ramukan farantin da na zuba wa feftaid sun yi rawaya sosai bayan an tsayar da gwajin, alamar cewa ƙwayoyin sun fitar da TNF-alfa da IL-6 masu yawa, wato sinadaran da ke tayar da kumburi, ramukan da ba a zuba wa komai ba kuwa kusan fari fat suke. Na maimaita da jinin wasu mutanen, abin ya sake fitowa, kuma duk lokacin da na ƙara yawan feftaid ɗin sai launin ya ƙara duhu. Malamin da ke duba aikina ya yi murna, har ya ce in fara shirya taƙaitaccen bayani don taron ƙwararru. Abin da ya kamata ya dami kowa a cikinmu shi ne cewa a rubuce-rubucen da aka wallafa, an san taimosin alfa 1 da daidaita amsar garkuwar jiki a hankali, musamman ta hanyar ƙwayoyin garkuwa da ake kira dendiritik, ba a san shi da tayar da kumburi irin wannan shi kaɗai ba. Amma idan sakamako ya zo da kyau, da wuya a samu mai son tuhumarsa.

Babban ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajenmu, dattijo ne da ya daɗe yana harkar ƙwayoyin cuta, shi ne ya duba farantin ya ce mini, "Malam, wannan launi na san shi, haka LPS take yi. Ka tabbata garin nan naka ne yake aikin?" Na ce masa, "Baba, ai takardarsa ta ce kashi 98." Sai ya ce shi ragowar kashi 2 ɗin yake tambaya.

Gaskiyarsa ce, kuma abin ma ya wuce batun ragowar kashi 2. Endotoksin, wato LPS, guba ce da ke jikin fatar bakteriya irin su E. coli, kuma fararen ƙwayoyin jinin ɗan Adam da ake kira monosait suna gane ta ta hanyar furotin TLR4 da ke jikin fatarsu, wanda Bruce Beutler ya nuna aikinsa a ɓeraye a 1998, ko da yawanta bai wuce 'yan pikogiram a cikin mililita guda ba. HPLC ɗin da kamfanoni suke yi yana auna feftaid ɗin ne da 'yan'uwansa da suka lalace wajen haɗawa, ta hanyar hasken da suke sha, saboda haka wannan ɗan mitsitsin guba ba ya bayyana a zanen kwata-kwata. Gari zai iya zama kashi 99 a takarda alhali yana ɗauke da endotoksin da za ta ishi tayar da kowane monosait da ke cikin faranti. Shi ya sa ƙarin launin da nake gani idan na ƙara feftaid bai tabbatar da komai ba, tun da duk cokalin da ya ɗebo gari ya ɗebo tsakuwar da ke cikinsa.

Tabbatar da zargin ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya kamata, domin dabarar da aka saba da ita ba ta yi mana amfani ba. A al'ada akan tafasa sinadarin da ake zargi, idan aikinsa ya ɓace to furotin ne, idan ya ci gaba to endotoksin ce, saboda ita zafin tafasa ba ya kashe ta. Sai dai taimosin alfa 1 ƙarami ne, ba shi da naɗin da zafi zai warware, hasali ma dumama ruwan taimus zuwa digiri 80 yana cikin matakan da ake bi wajen haɗa taimosin kashi na 5, wanda daga cikinsa aka fara samo shi. Don haka muka bi wasu hanyoyi. Da muka haɗa garin da folimiksin B, maganin da ke kama LPS ya hana ta aiki, kusan duk TNF-alfa ɗin ya ɓace. Da muka farfasa feftaid ɗin da furotinas K, sinadarin da ke cinye furotin, ta yadda babu sauran taimosin a cikin ruwan, sai launin ya fito kamar ba a taɓa komai ba. Daga ƙarshe muka ari kayan gwajin LAL na gano endotoksin, wanda ake haɗawa daga shuɗin jinin wata kaguwar teku, daga wani ɗakin gwaje-gwaje da ke aikin magunguna. Ruwan da muke narkar da gari a ciki ya fito lafiya, ruwan rainon ƙwayoyi ma haka, amma ruwan feftaid ɗin ya daskare a gindin bututu har na juya shi kai ƙasa bai zubo ba, alamar akwai endotoksin a cikinsa.

Duk wanda zai zuba wani feftaid a kan ƙwayoyin garkuwar jiki, ina ba shi shawarar ya gwada endotoksin kafin ya ɗebi jinin mutum ko ɗaya, kuma ya rubuta a cikin odarsa cewa yana son a auna ta a ba shi adadin, ba cewa kawai "kaɗan ce" ba. Ya nemi a haɗa masa feftaid na biyu mai amino asid iri ɗaya amma a hargitse, daga kamfani ɗaya kuma a lokaci ɗaya, domin idan hargitsattsen ya yi aikin da na gaskiyar yake yi, to ba tsarin feftaid ɗin ne ke aiki ba. Ya kuma tambayi irin gishirin da garin ya zo da shi, saboda yawancin feftaid ɗin haɗi suna zuwa ne da ragowar TFA, asid ɗin da ake amfani da ita wajen haɗa su, wadda ita ma takan taɓa girman ƙwayoyi a faranti. Kada ya dogara da otokilef, wato tukunyar tururi mai zafi, wajen tsabtace kwalabensa, domin tana kashe bakteriya ne ta bar gubarsu. Gilashi sai an gasa shi a busasshen zafi na digiri 250 na aƙalla minti 30. Wanda ke aiki da taimulin, feftaid mai amino asid 9 da Jean-François Bach ya gano a Faransa, yana da nasa tarkon daban, domin Mireille Dardenne da abokan aikinta sun nuna a 1982 cewa ba ya aiki sai da zinki, don haka EDTA, mai kama zinki, a ko'ina cikin gwajin za ta iya kashe masa sakamako. A duka biyun takardar kamfani ba ta faɗakar da kowa.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, jinin mutane ne. Masu ciwon hantar da suka yarda aka ɗebi jininsu sun zo ne da azumin safe, wasu daga nesa, kuma ƙwayoyin da muka adana daga gare su sun ƙare a kan gwajin da ya auna gurɓataccen gari. Komawa wurinsu a roƙi ƙarin jini ya fi mini kowane sashe na aikin nauyi, kuma ba dukansu ne suka dawo ba.

Da sabon feftaid wanda aka auna endotoksin ɗinsa ya iso, TNF-alfa bai motsa ba sam. Ɗan bambancin da na gani ƙarami ne, yana fitowa ne kawai idan an riga an tayar da ƙwayoyin da wani abu, kuma shi ne na rubuta a kundina tare da babi guda a kan gurɓacewar. Kamfanin farko kuwa, bayan wasiƙun da na aika musu haɗe da hoton bututun da ya daskare, sun amsa da layi biyu cewa gwajin endotoksin ƙarin aiki ne da ake biya daban, kuma ba a nema ba a cikin odar. Na koma na duba fom ɗin odar nasu, babu inda aka ambaci gwajin, balle a ba mai saye zaɓi.