Wai ni ce marar aiki?

Jiya da daddare na zauna zan sabunta inshorar motata ta intanet, komai lafiya lau har na iso layin da ake tambayar sana'a. Ina dannawa jerin ya zubo, likita, malami, akawu, direba, amma ni mai rainon yara uku ba ni da wurin tsayawa sai "matar gida" ko "marar aiki". Marar aiki fa! Ni da nake kai yara makaranta in ɗauko su, in biya asibiti, in dawo in ɗora tukunya, wallahi motata ta fi ta ɗan ofis shan hanya.

Kuma ba abin wasa ba ne, wannan layin yana cikin abin da suke lissafa kuɗin da mutum zai biya da shi, in ka zaɓi wanda ba naka ba, ranar hatsari suna iya cewa ƙarya ka yi su ƙi biya. To namijin da ke zaman gida da yara fa, shi ma matar gida zai danna? A Tarayyar Turai tun Disambar 2012 aka hana bambanta farashin inshora tsakanin mace da namiji, amma fom ɗin da ke gabana ko a jikinsa.

Haka dai na danna matar gida ina tsaki.