Talata, ranar karɓar sakamakon hoton kan Abba

Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, Abba ya yi barci da ƙyar, ni kuwa idona biyu. Gara in rubuta tun ban manta da kalaman likita ba.

Da asuba na sake gwada kansa da tef ɗina na ɗinki, ta gefen santimita kamar yadda nas ta koya mini: daga saman gira, a zagayo ta inda ƙeya ta fi tudu. Na samu 45 da rabi, alhali watan jiya 43 ne. Yaro ɗan wata huɗu, hulunan da na saƙa masa duk sun matse shi, maɗigarsa ta taso, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a goshinsa. Hajiya tana kan sallaya tana kallona ba ta ce komai ba, sai da za mu fita ta ce, "'Yar nan, ki riƙe shi da kyau, Allah Ya sa a ji alheri."

Mun isa asibiti bakwai da rabi, ba a kira mu ba sai bayan azahar. A bencin jira akwai mata uku da yara masu ruwa a kai. Ɗaya daga cikinsu, daga wani ƙauye can wajen Gumel, ta ɗora yatsana a bayan kunnen 'yarta don in ji robar da aka sa mata ƙarƙashin fata, wadda ke janye ruwan daga kanta zuwa cikinta. Ta ce sanƙarau ne ya kama yarinyar tana jaririya, daga nan kan ya fara girma. Na shiga ofis da tunanin mu ma robar za a sa mana a gama.

Likita ya juyo mana da fuskar kwamfuta. Ya nuna wani abu baƙi, zagayayye kamar ƙwallon goruba, a tsakiyar kan. Ya ce, "Maman Abba, ruwan da kike gani reshe ne. Ga tushen nan." Jijiya ce ta kumbura. Ya ce a ƙa'ida jini yana fitowa daga zuciya da ƙarfi, ya bi ta ƙananan hanyoyi sirara kamar gashi, ƙarfinsa ya ragu, sannan ya shiga jijiyoyin da ke mayar da shi. A kan Abba waɗancan ƙananan hanyoyin babu su a wannan wurin, jinin yana faɗawa kai tsaye cikin jijiyar, shi ya sa ta buɗe haka. Ruwan ƙwaƙwalwa kuma kullum jiki yana yin sabo, babba ma yakan yi kusan rabin lita a rana, kuma cikin waɗannan jijiyoyin yake tsiyayewa. Da ya ga na yi shiru sai ya tambaye ni, idan kwalbatin unguwa ta cika maƙil da damina, ina ruwan rariyar gida yake zuwa? Na ce baya yake dawowa. Ya ce to haka ne.

Ya ɗora abin sauraron ƙirji a kan Abba, ya sa mini a kunne. Na ji wani huci, fuu, fuu, yana tafiya tare da bugun zuciyarsa. Wata huɗu ina shafa kan nan, ban san da wannan ƙarar a ciki ba.

Sunan ciwon yana ɗauke da sunan wani likitan Girka na da can, Galen. Malam da ya ji sai ya ce ai Jalinusu ne, wanda ake ambato a littattafan ɗibbu na Larabci. Shi ne kaɗai lokacin da na ga fuskarsa ta ɗan saki yau.

Sai na yi tambayar da ta daɗe tana cina. Ina da cikin wata bakwai na zame a bakin rijiya na faɗi da gefe. Ban taɓa gaya wa kowa yadda abin yake damuna ba, ko Malam. Wata maƙwabciya kuma ta taɓa cewa a gabana wai yawan fita da magariba da ciki ne ke jawo irin wannan. Likita ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce wannan abu yana samuwa ne tsakanin mako na 6 da na 11 na ciki, lokacin da jijiyoyin kan ɗan tayi ke tsaruwa; akwai wata jijiya ta wucin gadi da ya kamata ta ɓace, a wajen Abba ba ta ɓace ba. Ya ce, "Wataƙila a lokacin ko sanin kina da ciki ba ki yi ba. Faɗuwarki ba ta da hannu a ciki." Na kasa riƙe kukan. Na yi shi sosai, a gaban ɗaliban likita biyu, ban ji kunya ba.

Maganar roba kuwa, ya ce ba da ita za a fara ba. A irin wannan ciwon, janye ruwan kafin a gyara jijiyar yana iya ƙara lalata al'amari. Aikin da ake yi shi ne a zura wani siririn bututu ta jijiyar matsematsi, a bi da shi har cikin kai, a toshe wuraren da jinin ke kwarara da wani irin gam na asibiti. Sau da yawa ba a gamawa a zama ɗaya. Idan jijiyar ta lafa, ruwan yakan samu hanya da kansa. Masu yin aikin ba su da yawa, zai rubuta mana takarda zuwa wajensu. An yi hoton zuciyar Abba da la'asar, domin wasu jariran zuciyar ce ke gazawa tun kwanakin farko saboda yawan jinin da ke komo mata. Tasa tana jurewa, alhamdu lillahi. Saboda haka ana son ya kai wata biyar zuwa shida, sai dai in kan ya ci gaba da gudu, to ba za a jira ba.

Jiran nan shi ne ya fi mini nauyi, in ga kan yana ƙaruwa a ce in saurara.

A gida Hajiya ta sa na maimaita mata bayanin sau biyu. Da na zo kan maganar makonni sai ta kama hannuna ta ce, "Da ma ni ban taɓa ɗora miki ba." Ashe ta lura. Malam kuma bayan isha ya karanto mini a waya cewa a 2023 likitoci a Boston ta Amurka sun yi wa wata jaririya irin wannan aikin tun tana cikin mahaifiyarta. Ya kuma fara lissafin filinsa na bayan gari, na ce ya bari sai mun ji kuɗin tukuna.

Na rubuta a bangon littafin awo abubuwan da aka ce in na gani mu taho ko tsakar dare ne: numfashi da sauri, gumi ko gajiya wajen shan nono, amai a jere, jijjiga, barcin da ya wuce kima, ƙwayar ido ta riƙa nutsewa ƙasa. Awo na gaba ranar Juma'a da safe. Tef ɗin yana ƙarƙashin matashina.